Tagar Ɗakin Milunka

Yaya Stanika,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya tsofaffin da kike jinya a can Jamus? Mu ƙalau muke, sai dai kaina ya ɗaure.

Cikin matata Milunka ya shiga wata shida. Kin san na farin a wata bakwai ya zo, bai kwana ba. Likita ta tsare mu da tambayoyi kamar 'yar sanda: wa ke shan taba a gidan, ko Milunka na fita gona tsinkar malina, jajayen 'ya'yan itacen nan da muke nomawa, ko dasashinta na jini, yaya tazarar wannan cikin da wancan. Na ce, "Likita, me ya haɗa haƙori da ciki?" Ta ce kowanne na iya taɓawa, amma ba wanda za ta rantse a kansa. A dai raba ta da gona da hayaƙi, a buɗe taga.

Da na faɗa wa Inna sai ta dafe ƙirji. "Taga? Ƙofa buɗe, taga buɗe, iska ta ratsa ta? Ai wancan ma iska ce ta fito da shi, shashasha!" Ta bi kowace kafa ta toshe da tsumma. Baba kuwa yana gindin murhu yana busa abarsa, wai shi taba ce ta raine shi. In na buɗe, Inna ta rufe. Na lura cikin yakan yi tauri duk ranar da Milunka ta wuni a duƙe. Wa zan bi?

Ƙanenki,
Dobrilo

Dobrilo sarkin haƙuri,

Ina amsawa. Malina ta ruɓe mana! Ka hana ta gona yau ɗin nan, Baba kuma ya kai tabarsa garken awaki.

Inna kuwa ka bi ta a hankali. Kai ma bakwaini ne, ba a gaya maka ba ne. A kwandon burodi muka ɗumama ka kusa da murhu. Har ranar da aka haife ka tana gona, amma da dare ta kwana taga a buɗe, sai kaka ta ce tagar ce. Tun daga nan ba ta yafe wa kanta ba.

Ka gaida kowa.
Stanika

Yaya,

Barka da war haka. Na karanta wa Inna wasiƙarki, ban san ko na kyauta ba. Ta ce, "Bakin Stanika ba ya rufuwa, kamar tagarku." Ta fita. Can na hango ta ta ƙwace tabar Baba ta jefa a bokiti. Baba ya ce, "Tsohuwa, kin haukace?" Ta ce, "Mai laifin, ko ni ce ko kai ne, ɗayanmu dai ne. Fita!"

Washegari ita da kanta ta buɗe tagar, faɗin tafin hannu, ta lulluɓe Milunka da bargon ulu cikin wannan zafin. Milunka na gumi tana dariya. Yanzu wanne ke aiki, ban sani ba.

Ki huta lafiya.
Dobrilo

Yaya,

Mace ce. Ta zo a wata takwas, tana cikin kwalba a asibiti, amma tana kuka da ƙarfi. Na tambayi likita me ya kai mu takwas, me ya hana mu tara. Ta ce ba ta sani ba.

Tagar ɗakin jariran a buɗe take. Inna ta hango ta. Ta je ta tsaya a gaban tagar, ta tare iskar da bayanta, har aka kore mu.

Dobrilo