Ƙofar da Muka Huda ta Baya

Asabar, 3 ga Maris, 2001
Mai unguwa ya ba Malam Datti tsohon gidan kallon bakin tashar Gwarzo, wanda aka rufe da zuwan Shari'a. Malam tsohon ma'aikacin asibiti ne. Zai riƙa tara masu son barin ƙwaya da sholisho duk Juma'a bayan la'asar. Da yake rumfar facina tana jikin bangon, ni aka ba makulli. Makulli kawai.

Juma'a, 16 ga Maris
Tabarma uku, buta ɗaya, ba kowa. Sati biyu ke nan.

Juma'a, 23 ga Maris
Na gaya wa Malam abin da na gani. Ya'u ɗan acaɓa ya wuce sau huɗu yana rage gudu. Ƙofar tana kallon kaskon Hajjo mai ƙosai, ita kuwa wanda ta ga ya shiga, kafin magariba uwarsa ta ji. Malam ya dube ni ya ce, "Lukuman, samo diga."

Asabar, 7 ga Afrilu
Mun huda ƙofa ta baya, wajen gona. Siminti ba ya sayuwa, da laka muka toshe ta gaba. Ƙyauren da tsohon duro na yi shi, da hannuna.

Juma'a, 1 ga Yuni
Mutum goma sha ɗaya. Biyu daga Gude a ƙasa suka tako, ɗaya daga Durun. Hajjo na ta cigiya ko aljanu muke tarawa. Ya'u, da yanzu yake cikinsu, ya ce in shigo, na ce aiki gare ni. Ya ɗaga gwangwanin sholishon facina, ya girgiza. "Taya nawa ka liƙe yau, maigida, har ya ƙare?"
Biyu ne.

Juma'a, 17 ga Agusta
Ruwa ya ci toshin, mun sake yaɓe. Daga bakin ƙofa nake jin su. Dabo na Durun ya ba da labarin ciwon kan da ke tashinsa da asuba. Na san shi, wannan ciwon.

Juma'a, 8 ga Maris, 2002
Shekara guda. Mutum ashirin da uku, har Hajjo ta aiko da ƙosai. Malam ya ba da tarihin ɗakin tun daga tabarma uku, ya ce ƙofar nan ta Lukuman ce. Kowa ya waiwayo.
Ni dai gyaran tabarma ya shigar da ni. Da magana ta zagayo kaina, ban tashi na fita ba.
Gwangwanin sholishona a aljihun Malam zai kwana. Da safe in je in karɓa, in akwai taya.