Girgizar motar marigayi maigidana ba daga giya ba ce

Zuwa ga Shugaban makanikai na garin Gombe,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Hauwa'u, daga Hammadu Kafi. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Da kuka na so in rubuto, sai Allah ya sa da godiya zan ƙare, amma kukan ma sai na faɗe shi.

Na ɗaya. Maigidana Malam Sale ya rasu bara bayan girbi. Da aka raba gado, tsohuwar motarsa ta faɗo a rabona da na yara. Shi ya koya mini tuƙi, kuma da ita nake kai man gyaɗa Kasuwar Gombe. Da na fita takaba na tayar da ita, sai na ji tana rawa. Ba a sitiyari ba, a ƙarƙashin kujera. In na ƙara gudu ta ƙara, har madubi ya daina nuna komai.

Na biyu. Gareji biyu na kai ta, ba zan faɗi suna ba. Duka biyun a tsaye suka saurari inji, babu wanda ya hau da ita titi. Ni ke tuƙa motar, amma ƙanin mijina da ya raka ni suke yi wa tambaya, shi da bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Na ce daga baya nake jin abin, ko kallona ba a yi ba. Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce giya ta mutu, gyara ya fi ƙarfinmu. Daga nan dangi suka tsayar da magana a sayar wa masu yanka motoci. Ban ga laifinsu ba, abin da aka gaya musu ke nan. Amma kwana uku abinci bai shiga bakina ba.

Na uku. Wata maƙwabciya ta tura ni wurin Baba Yohanna, wani dattijon makanike a wajen Federal Low-Cost. Da ya yi mini gaisuwar rashi, sai ya ce in tuƙa, shi ya zauna a gefe. A tsaye ya sa na taka mai, shiru. Muna cikin gudu ya sa na cire giya, rawar tana nan. Ya ce to ba inji ba ne. Ya fito ya danna bayan motar da hannu, ta yi ta lilo ta ƙi tsayawa. Sannan ya tambaye ni wane kaya ta daɗe tana ɗauke da shi.

Nan na fashe da kuka. Buhunan masara ne da Malam ya kwaso daga gona kwana ɗaya kafin ya kwanta. Makullin yana aljihun rigarsa, ni kuwa na kasa taɓa rigar. Wata huɗu da kwana goma motar na tsugune da kaya a bayanta.

Ya saka ta a rami ya nuna mini da idona. Sifirin na baya, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota, da ma sun tsufa, sun kwanta. Shakazoba, wadda ke tare lilon mota, ta zubar da mai. Ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, wanda suke kira farfela, gaɓarsa ta cinye, da hannu ma tana kaɗawa. Giya lafiyarta ƙalau. Ya canza su cikin kwana biyu.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ja hankalin mutanenka. Kada a yanke wa mota hukunci ba a hau da ita titi ba. Kuma a tambayi mai tuƙi, ko da mace ce. Matan da aka mutu aka bari ba mu san sunan ƙarfe ba, amma mun san inda yake mana ciwo. In kuna karrama wani a tsakaninku, a tuna da Baba Yohanna.

Ranar Juma'a na ɗauki ƙanin mijina da yara zuwa gidan kakarsu. Kafin mu isa, autata ta yi barci a kujerar baya. Da muka sauka ƙanin mijina ya daɗe yana kallon motar, ya ce a bar maganar sayarwa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa albarka a hannuwanku, ya ji ƙan Malam Sale da dukkan magabatanmu.

Wassalam.

Hauwa'u,
Hammadu Kafi, Gombe.