Maganin Inna a Aljihun Yaya Sani

Daren Laraba, Ƙaura

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Wata biyu ke nan da likita ya ce ciwon dajin Inna ya wuce magani, mu maido ta gida. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ga ɗiya huɗu a kaina. Malamar asibitin unguwarmu ta kawo maganin rage zafi, ta nuna min awo. Tun da anka fara ba ta shi take samun barci.

Yau Yaya Sani ya taho dubiya daga Shinkafi. Yana ganin kwalbar ya jefa aljihu. Wai kayan maye ne irin na 'yan bindiga, uwarshi ba ta cikawa a buge ta kasa kalmar shahada. Na ce, "Yaya, in ba ta sha ba ko sunanka ba ta iya faɗi." Ya ce in rufe mishi baki.

To. Kafin azahar zafi ya taso, awa uku tana fama da shi. Na ce, "Taho ka riƙe min ita in canza zane." Ta damƙe mishi riga tana ihu, tana kiran uwarta da ta rasu tun muna yara. Da kanshi ya fiddo kwalbar, ya ce, "Nawa ake ba ta?"

La'asar a kwance ta yi ta, cikin hankalinta, har ta sa mishi albarka. Ita ta yafe. Ni dai awa ukun nan da ta sha wuya, ban yafe ba tukuna.