'Yan Gadin Waken Inna

Rimaye,
12 ga Agusta.

Zuwa ga matata Safiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Yaya Goggo Iyatu da sauran mutanen garin Boko? Ni ma lafiya lau, sai kewa, da tuwon hannuna da ko kajin gidan nan ba sa marmarinsa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Wayar Goggo ce, kuma kin san ba ta yarda sai ta buɗe murya duk tsakar gida an ji. Akwai maganar da ba zan iya yi a kunnen surukai ba.

Maganar waken bayan gida ce. Ranar da za ki tafi goyon ciki abu biyu kika bar mini: in tsare shi daga awaki, kada kuma in kusance shi da magani. Kin tuna mini irin mahaifiyarki marigayiya Inna ne, wanda ta ba ki da hannunta, kuma duka kika shuka, ba ki rage ko ƙwaya ba. Awakin dai na tsare.

Da ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta sauka a kansa, ganye ya yi danƙo. A cikinta na ga wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya-ƙaya, kamar ƙananan kadoji, suna ta yawo. Jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda Inna ke kira 'yan gadi, na ga kamar su ne suka ƙanƙance, sun manne a ganye ba sa motsi. Sai na yanke cewa cuta ce ta kama su, kuma baƙaƙen nan ne suka kawo ta. Ban tambayi kowa ba. Ni da nake koyar da kimiyya a aji huɗu, wa zan tambaya? Na aro injin feshi wurin maƙwabcinmu Auwalu, na yi wa waken wanka tun daga tushe.

Jiya da kika tambaye ni labarinsa na ce lafiya lau. Ganyen ya yi fes, wannan gaskiya ne, amma tunda na ajiye wayar raina bai kwanta ba. Ki yi haƙuri.

Ki gaishe da Goggo.

Naki,
Ma'aruf.

Rimaye,
9 ga Satumba.

Zuwa ga Safiyya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ruwan zafi? Yaya baƙuwarmu, tana shan nono sosai? Allah Ya raya mana ita. Har yanzu mutane na cewa hancina ta ɗauko, ina ba su haƙuri a madadinta.

Ranar suna ba ki ce mini komai a kan takardata ba. Kin dai tambaye ni ko kwaɗin bakin rijiya suna nan suna kuka, ni kuma na yi kamar hayaniya ta hana ni ji. Na ji sarai. Washegarin feshin na tsinci uku a mace. Bushiyar da ke kwana a gindin lalle ba ta sake fitowa ba, ƙoƙi-ƙoƙin da kike hana ni taɓawa ma babu su. Bayan gidan ya yi tsit, har ba na son zagayawa.

Darɓa kuwa ta dawo bayan mako biyu, ta ninka ta farko. Na je Kankiya na ɗauko malamin gona, Malam Zainul Abidin, na nuna masa hotunan da na ɗauka kafin feshi, ina jiran ya yaba mini. Ya daɗe yana duba wayar. Sannan ya ce baƙaƙen nan 'ya'yan 'yan gadi ne, kuma sun fi iyayensu cin darɓa. Waɗanda suka manne a ganye lafiyarsu ƙalau, rikiɗa suke yi, kwana kaɗan ya rage su fito da fiffike. Ya ce da na bar su mako guda da sun share mini gonar kyauta. Ita darɓa kaɗan ta tsira ta hayayyafa cikin kwanaki, masu cin ta kuwa na riga na gama da su.

Bai yi mini dariya ba, kuma na fi so a ce ya yi. Na tuna yadda nake yi wa Inna dariya a zuci idan na gan ta da ƙwarya tana tsinto 'yan gadi a gonar maƙwabta tana kawowa kan wakenta. Har na taɓa ce miki tsufa ne. Safiyya, wallahi kunya ta ishe ni.

Yanzu ni ne da ƙwarya. Kullum bayan makaranta ina bin gonakin hanyar Kunduru ina tsinta, mata masu tallar nono suna tsayawa kallon malami a durƙushe. Furen dai yana ta zubewa. Ki sa shi a addu'a.

Naki,
Ma'aruf.

Rimaye,
11 ga Oktoba.

Zuwa ga Safiyya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ke da yarinya da Goggo. An ce ranar Juma'a za a rako ki gida. Ina so ki karanta wannan kafin ki shigo.

Shekaranjiya a waya na ce miki waken ya farfaɗo, na yi roro, tulun iri ya kusa cika. Na ji kin yi hamdala, na ji Goggo ta yi wa Inna addu'a. Ƙarya na yi. Waken bai farfaɗo ba. Ranar kasuwa na zagaya rumfunan 'yan hatsi har na sami wani fari mai jan ido da ya yi kama da shi. Na gauraya shi da toka yadda kike yi, na zuba a tulun, na liƙe baki da laka.

Ba za ki taɓa ganewa ba, na tabbata, kuma abin da ya hana ni sakewa ke nan. Na hango ki baɗi kin tsuguna kina shuka waken da ban san gonar da ya fito ba, kina ambaton mahaifiyarki a kan kowane rami. Na hango ki kina damƙa wa 'yarmu shi ranar da za a kai ta ɗaki, kina cewa na kakarta ne. Feshin kuskure ne, jahilci da girman kai suka sa ni. Wannan kuwa da idona biyu na yi shi.

Na fasa bakin tulun, na juye waken na kai wa Kubura mai ƙosai. Tulun babu komai a ciki, haka za ki same shi.

Ga abin da ya rage. A bayan rumbu akwai tushe ɗaya da feshin bai kai ba, don maganin ya ƙare mini kafin in isa wurin. Can nake sakin 'yan gadin da na tsinto, kuma sun zauna. Ya yi kwasfa bakwai, ƙanana, biyu ma a shanye suke. Sun bushe tun makon jiya. Ban san ko akwai ƙwayar kirki a cikinsu ba, domin ban cire ba, ban ɓare ba. Na kewaye tushen da ƙaya, ina leƙa shi safe da yamma. Hannuna ya yi wa waken nan abin da ya isa, roronsa sai ke.

Ba na cewa ki yafe mini kafin ki gani da idonki. Allah Ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Ma'aruf.