Ginshiƙan Rumawa da Zauren Kaka

Al Gharrafa, Doha

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Tun korona ba mu leƙa ko'ina ba. Da aka rufe makarantu saboda Kofin Duniya, gari ya cika maƙil, sai Baban Amira ya ce, "Yalla, mu tafi Jodan mu sarara." Can muka ziyarci Jarash, wani tsohon birnin Rumawa.

Yaya, na ga ikon Allah. Ginshiƙan dutse sun yi sahu, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi, kuma an sassaƙa ganyaye a kawunansu kamar jiya aka gama. A wani daɓe an jera ƙananan duwatsu masu launi, sun zama tsuntsaye da itatuwa. Na tsuguna ina kallo, na kasa tashi. Amira ta ce, "Mama, ina masu gidan?" Na ce sun rasu tuntuni. Ta ce, "To wa ya hana a rushe?"

Tambayar yarinyar nan ta tsaya mini a rai. Don Allah, maganar rushe zauren Kaka a gina shaguna, a dakata. Zanen da Kaka ya yi wa bangon da hannunsa, in ya tafi babu mai dawo mana da shi. Gyaran yaɓen ni zan ɗauka.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna da Kawu Bala.

Ƙanwarka,
Hadiza