Kunnen Zakin Motar Baba

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Turai, ya Anti Hajara da yara? Mu nan Bukan Sidi kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na je ɗaukar maka hoton tsohuwar motar doyar marigayi Baba kafin 'yan gwangwan su tafi da ita. Na kuma bi ladabin da ka ce ku masu ɗaukar hoton jirgin ƙasa na cikin gari kuna bi, wato a nemi izini, kuma kada a kori kowa daga gaban kyamara. Wallahi Yaya, wannan ladabi naku bai san garinmu Lafiya ba.

Da na nemi izinin Kawu Ɗanladi, wanda motar ke hannunsa, sai ya ce, "Turai za a kai? Tsaya in sa babbar riga!" Kafin ya dawo labari ya zaga gareji. Makanikai suka wanke fuska, Mama Doose mai doya ta jawo jikokinta, kowa ya jeru gaban zakin nan da aka zana a jikin motar. Na buɗe baki in ce su matsa, sai na tuna dokarka. Washegari aka yanka motar.

Ga hoton nan. Duba bayan hular Kawu, ɗan abin nan mai ruwan ɗorawa kunnen zakin ne. Inna na gani ta gane shi, har da ƙwalla.

Ka gaida mutanen gida, ka sa Baba a addu'a.

Ƙaninka,
Musa