Wasiƙa ga Baba kan Rufin Ɗakin Inna da Iska ta Yaye

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sule na Zurgu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, Baba, yau da ɓacin rai nake rubuto maka.

Ka tuna inshorar gidan da ka shiga bayan ka bar koyarwa? Ana yi maka dariya a majalisa, kai kuwa kana cewa, "Ba don ni ba ne, don uwarku ce bayan raina." Da ka rasu ban bari ta yanke ba.

Farkon daminar nan, bayan la'asar, iska ta taso daga wajen Kibiya ta yaye kwanon ɗakin Inna gaba ɗaya. Tana ciki, ta rakuɓe a bayan ƙofa, ruwa yana zuba kan gadonta da littattafanka. Washegari na kira kamfanin inshorar a waya, suka ce kada a taɓa komai sai jami'insu ya zo ya gani.

Mako biyu muna jira, Baba. Inna tana kwana a ɗakin girki har tari ya kama ta. Maƙwabta suka kasa zuba ido. Abokinka Ardo Buba ya kawo katako a amalanke, Isa kafinta ya hau sama, yini guda suka rufe ɗakin.

Sai a mako na uku jami'in ya iso. Ko gaida Inna bai yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi sabon rufi, ya rubuta wai bai ga ɓarna ba. Na nuna masa hotuna a wayata, ya ce mun saɓa ƙa'ida tunda mun gyara kafin ya zo. Wato so suke tsohuwa ta zauna cikin ruwa sai ranar da suka ga dama!

Ka san ni ba mafaɗaciya ba ce. Amma na ɗauki a-kori-kura daga Rano, aka loda kwanukan nan da suka lanƙwashe, na bi su har Kano, na sa aka jibge su a ƙofar ofishin kamfanin. Na ce ga ɓarnar na kawo musu, tunda idonsu bai kai Zurgu ba. Mutane suka taru. Manaja ya fito yana ba ni haƙuri, kuma kafin wata ya ƙare suka biya. Abin da ke ƙona min rai shi ne, sai da na yi tijara a titi kafin a cika maka alkawari.

Inna ta samu sauƙi. Ta ce da kana nan da ka tsawata min. Na sani, Babana. Ka yafe min, amma ban yi nadama ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haɗa mu a gidan Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Rabi